Gishiri a Jimlar Farko

Sha ɗaya na dare a Khulna,
fanka na juya zafin da ta gaji da juyawa.
Moushumi Haldar na gaban na'ura,
da littafin da ruwan kogi ya jiƙa wa gefe.

Tun tana sabuwa edita Tapan ya gaya mata:
"Jimlar farko ƙofar gida ce,
in ta yi ƙunci baƙo ya wuce.
Wa, me, ina, yaushe, zuba su a gaba.
Ado kuwa ki kai shi can ƙasa,
inda almakashina zai same shi."

To, wa?
Ministan da ya dawo daga taron ƙasashe
da takarda mai shafi arba'in?
Ko Nirapada, da gonar shinkafarsa
ta yi fari fat ba tare da an shuka auduga ba?

Ta buɗe takardar.
Kwana da kwanaki ana ja-in-ja kan kalma guda.
Masu nutsewa suka ce a sa "dole",
masu hayaƙi suka ce "ya kamata" ta wadatar.
Da gari ya waye "ya kamata" ta ci.
Ita ta san faɗin da ke tsakaninsu,
kwale-kwale uku sa wuce a jere
ba tare da sun gogi juna ba.

Akwai jimlolin da ta koyi ƙi:
"an ɗauki matakai", "za a duba lamarin",
maganar da ba ta da mai ita.
Duk inda ta ga "an", sai ta tsaya ta tambaya, wa?
Ruwa ba ya tsami banza,
balle ya yi gishiri.

Ga kuma lamba.
Digiri ɗaya da rabi bai taɓa sa kowa hawaye ba.
Sai ta canza shi kamar mai canjin kuɗi,
ya koma tulu biyu a ƙugun mace,
tafiyar awa guda kafin a samu na sha.
Miliyoyin da aka ambata a taro
ta raba su gida biyu,
wanda aka faɗa da wanda aka biya.
Alkawari kaya ne,
amma ba ta ga wanda wuyansa ya sage ba.

"Ki ji ɓangare biyu," in ji Tapan.
Ta kira mai tafkin jatan lande,
wanda ake cewa shi ya huda shingen ruwa.
Sau huɗu. Ya kashe.
Ta rubuta cewa ya kashe, har da ƙarfe nawa.
Adalci ba yanka gaskiya biyu ba ne
a miƙa wa kowa rabi.

Wayarta ta yi ƙara. Uwarta ce daga ƙauye:
"Kududdufin bayan gida ma ya juya.
Na dafa shayi da shi, babanki ya ajiye kofin."
Moushumi ta yi shiru.
Jarida ba ta son "ni".
Ta rubuta "mai ban tausayi", ta goge.
Ta rubuta "bala'i", ta goge.
Wanda ya ga tabo ba ya buƙatar a ce masa an ji ciwo.

Sha biyu saura kwata ta buga:
"Ranar Talata Nirapada Mondal ya ɗanɗani ƙasar gonarsa,
ya tofar."
Minista ya sauka sakin layi na huɗu,
shi da "ya kamata" tasa.

Tapan ya karanta a tsaye, tabarau a goshi.
Ya yanke layi shida daga ƙasa,
bai taɓa ƙofar ba.

Gobe da la'asar, ta sani,
shafin zai naɗe soyayyen kifi a bakin tasha.
Wataƙila mai ci ya buɗe,
kafin mai ya cinye tawadar,
ya karanta jimla ɗaya,
ya ji gishirin ya yi yawa.